Hayaƙin da Babu Mai Shi: Yadda Landan Ta Koyi Lissafin Iskarta

Da safiyar Juma'a, 5 ga Disamba, 1952, mutanen Landan suka wayi gari hazo ya rufe birnin. Babu wanda ya tayar da hankalinsa, domin hazo tsohon baƙo ne a wannan gari, kakanni sun san shi, jikoki ma sun saba da shi. An kwana biyu ana sanyi mai tsanani, saboda haka kowane gida ya ƙara wa murhunsa kwal. Abin da jama'a ba su lura da shi ba shi ne iska ta tsaya cak a kan kwarin Kogin Thames, sannan wata iska mai ɗumi ta zo ta zauna bisa mai sanyin da ke ƙasa, kamar an rufe tukunya da faifai. A al'ada hayaƙi kan tashi sama ya watse. Wannan karon sai ya tashi, ya rasa hanya, ya dawo ya gauraya da hazon. Haka aka yi kwana biyar.

Kafin Asabar an daina ganin gaba. Motocin bas suka riƙa tafiya kamar hawainiya, kwandasta yana gaba a ƙasa riƙe da fitila yana nuna wa direba hanya, daga baya ma aka ajiye su gaba ɗaya. Motocin ɗaukar marasa lafiya suka tsaya, jirgin ƙarƙashin ƙasa kaɗai ya ci gaba da aiki. A wasu unguwannin gabashin birni mutum ba ya ganin ƙafafunsa. Hazon ya kutsa har cikin gine-gine: a gidan wasan Sadler's Wells an dakatar da wasa bayan kashi na farko, don 'yan kallo ba sa hango dandamali. A bikin baje kolin dabbobi na Smithfield shanu suka riƙa faɗuwa, wasu suka mutu, wasu aka yanka su. Amma mutane ba a titi suke faɗuwa ba. A kan gadajensu suke mutuwa, tsofaffi da jarirai da masu ciwon ƙirji, ɗaya a wannan gida, ɗaya a wancan layi, shi ya sa babu wanda ya ga girman abin sa'ad da yake faruwa. Masu sana'ar shirya jana'iza ne suka fara ganewa, da akwatunan gawa suka fara yi musu ƙaranci. Da aka haɗa alƙaluma, hukuma ta ce mutum kusan 4,000 ne suka rasu fiye da yadda aka saba. Yawan mace-macen bai sauka ba har watanni, gwamnati ta ɗora wannan a kan mura. A 2001 wasu masu bincike biyu, Michelle Bell da Devra Davis, suka sake duba lissafin suka ƙiyasta cewa adadin ya kai kimanin 12,000.

Tun ina ɗalibi a sashen tarihi, tambaya ɗaya ce ke dawo mini duk lokacin da na karanta wannan labari: wa ya kashe su? Ba a gurfanar da kowa ba, kuma a gaskiya babu wanda za a gurfanar. Tashoshin wutar lantarki na Battersea da Bankside da Fulham suna aiki ne da izinin hukuma. Jiragen ƙasa masu ƙona kwal da jiragen ruwan da ke kogi suna kan ƙa'idarsu. Matar da ta hura murhu don kada 'ya'yanta su daskare ba ta karya wata doka ba. Kowa ya zuba ɗan nasa, da yayyafi kogi kan cika. Tarihin dokar iska a Ingila, a nawa karatun, tarihi ne na yadda shari'a ta shafe ɗaruruwan shekaru tana neman mai laifi guda, alhali huhun ɗan Adam jimla yake shaƙa.

Koken tsoho ne. Tun farkon ƙarni na 14, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, aka yi shelar hana ƙona kwal a Landan saboda warinsa, shelar da ta bi iska da itace ya yi tsada. A 1661 John Evelyn ya rubuta wa Sarki Charles na Biyu wani ɗan littafi mai suna Fumifugium, inda ya ɗora laifin hayaƙin birni a kan masu dafa giya da marina da masu gasa farar ƙasa da masu dafa gishiri da sabulu. Ya ba da shawarar a kwashe su a mayar can gangaren kogi, a kuma kewaye birni da tsirrai masu ƙanshi. Murhun gida kuwa ya wanke shi tas. Ba a yi aiki da shawararsa ba, amma tunanin da ke ƙarƙashinta ya daɗe: ƙazanta aikin wasu 'yan tsiraru ne da za a iya nunawa da yatsa, maganinta kuma shi ne a ture su zuwa unguwar wasu.

A wancan zamani, wanda hayaƙi ya cutar ba shi da wata hanya sai ya kai ƙara kotu a kan an dame shi a muhallinsa. Wannan hanya tana da sharaɗi mai wuya: sai ya nuna cewa hayaƙin wane ne ya yi masa ɓarnar. Idan bututu ɗaya ne a unguwa, magana ta zo da sauƙi. Idan hamsin ne, kowanne zai ce ai ga sauran. Da wannan hujja wani kamfanin narka tagulla a St Helens ya kare kansa sa'ad da wani mai gandu, William Tipping, ya kai shi ƙara saboda itatuwansa da suka lalace: kamfanin ya ce yankin duka cike yake da masana'antu. A 1865 Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta ba Tipping gaskiya, amma ta raba maganar gida biyu. Idan dukiya ce ta lalace a zahiri, a biya diyya. Idan kuwa takura ce ga jin daɗin mutum, to sai an duba irin unguwar da yake zaune. A 1879 aka ƙara fito da wannan ƙa'ida fili a wata shari'a tsakanin wani likita da maƙwabcinsa mai yin alewa, wanda ƙarar turamensa ta hana likitan duba marasa lafiya. Alƙali ya kawo misali da cewa abin da za a kira damuwa a Belgrave Square, unguwar masu hannu da shuni, ba lallai ya zama damuwa a Bermondsey ba. A wancan zamani Bermondsey unguwar majema ce, inda ake jeme fatu, warinta kuwa sananne ne.

Ina ganin nan ne shari'a ta juya lissafi kai ƙasa. Hankali yana cewa unguwar da ta riga ta ɗauki kaya mai nauyi ita ce ya kamata a tausaya wa, kada a ƙara mata. Kotu kuma ta ce tunda ta saba, ƙarin ba laifi ba ne. Wato kowace masana'anta da ta riga zuwa ta zama hujjar wadda za ta biyo baya. Itacen mai gandu ya sami kariyar da ƙirjin ɗan ƙwadago bai samu ba.

Majalisa ta gwada wata hanyar. Masana'antun da ke yin sinadarin soda, wanda ake buƙata wajen sabulu da gilashi da saƙa, suna fitar da wata iska mai asid da ke ƙone amfanin gona a kewayen St Helens da Widnes. Manyan masu filaye suka koka, Lord Derby ya jagorance su, aka kafa dokar 1863 wadda ta tilasta wa kowace masana'anta ta kame kashi 95 cikin ɗari na wannan iska. Aka naɗa masanin sinadarai Robert Angus Smith ya zama sufeto na farko, shi ne kuma wanda daga baya ya raɗa wa ruwan sama mai asid suna. Dokar ta yi aiki, masu masana'antu suka bi. Sai dai kashi biyar na masana'anta goma daban yake da kashi biyar na masana'anta ɗari. Sana'ar ta bunƙasa, wasu sana'o'in da dokar ba ta ambata ba suka yi ta fitar da nasu, manoma suka ci gaba da kuka alhali rahoton sufeto yana nuna kowa ya cika ƙa'ida. Aka yi wa dokar gyara a 1874, aka yi ta ƙara mata sunayen sana'o'i, amma ma'auninta bai bar bakin bututu ba.

A Landan kanta, dokar 1853 da Palmerston ya tura ta shafi tanderun masana'antu da jiragen ruwa masu tururi a wani sashe na kogi. Dokokin 1891 da 1926 suka biyo baya. Dukkansu sun tsallake murhun gida. Bature yana ɗaukar buɗaɗɗen murhunsa tamkar zuciyar gidansa, babu ɗan majalisar da ke son a ce shi ne ya shigo da ɗan sanda falon mutane. Masu masana'antu suna nuna gidaje, masu gidaje suna nuna masana'antu. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani. A 1905 wani likita, Des Voeux, ya haɗa kalmomin Ingilishi na hayaƙi da hazo ya fitar da kalmar smog. An sami suna, ba a sami doka ba.

Gargaɗi ma ya zo daga waje. A Disamban 1930 irin wannan rufin iska ya sauka a kwarin Kogin Meuse na Beljiyam, wanda ke cike da masana'antun ƙarfe da gilashi, mutum fiye da 60 suka mutu. Farfesa Firket, wanda ya binciki lamarin, ya yi lissafin cewa da a Landan abin ya faru, da mamatan sun kai kimanin 3,200. A Oktoban 1948 aka maimaita a garin Donora na Amurka, mutum 20 suka rasu. Lissafin Firket ya yi shekaru a rubuce kafin Landan ta tabbatar da shi har da ƙari.

Idan aka warware hazon 1952 zare-zare, za a ga yadda shawarwari daban-daban, kowacce da hujjarta, suka haɗu suka zama guba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya tana cikin bashi, don haka tana sayar da kwal mai kyau a waje, a bar wa gidaje mara kyau mai yawan farar wuta. An gina tashoshin lantarki a tsakiyar birni don su kusanci masu amfani da wutar. A watan Yulin wannan shekara aka kammala janye taragun lantarki da ke bin tituna, aka maye gurbinsu da bas masu shan dizal. Ma'aikatar kuɗi da hukumar lantarki da hukumar sufuri kowacce ta yi lissafinta daidai a cikin littafinta. Littafin da babu mai riƙe da shi shi ne na iskar da dukkansu ke zubawa a ciki. Hukumar kula da yanayi ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana ta wannan hazo an saki tan 1,000 na ƙurar hayaƙi da tan 370 na iskar farar wuta, wadda ta haɗu da danshi ta koma tan 800 na asid irin na ruwan batir.

Gwamnati ba ta yi gaggawa ba. Harold Macmillan, ministan gidaje da ƙananan hukumomi, ya nuna cewa dokokin da ake da su sun isa, ya kuma tunatar da majalisa halin da tattalin arziki yake ciki. Da matsin lamba ya yi yawa, aka kafa kwamiti a 1953 ƙarƙashin injiniya Sir Hugh Beaver. Mai yiwuwa an kafa shi ne don ƙura ta lafa, amma kwamitin ya yi abin da ba a saba yi ba: ya tara komai wuri ɗaya. Rahotonsa na 1954 ya nuna kusan rabin hayaƙin ƙasar daga gidaje yake fitowa, kuma shi ya fi cutarwa don a ƙasa-ƙasa yake fita, daidai hancin mutane. Ya kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana ci wa ƙasar fam miliyan 250 a shekara. Wannan adadi ya yi tasiri, don ya nuna cewa ƙazantar ma ba kyauta ba ce, ana biyan kuɗinta a wanki da fenti da tsatsa da ranakun da ma'aikata ke kwance. Duk da haka sai da wani ɗan majalisa, Gerald Nabarro, ya gabatar da nasa ƙudurin kafin gwamnati ta yi alkawarin kawo nata. Dokar Tsabtar Iska ta tabbata a watan Yulin 1956.

Sabon abin da ke cikinta, wanda biranen Coventry da Manchester suka riga suka gwada, shi ne ikon da ta ba ƙananan hukumomi su shata yanki a taswira su ce a nan an hana hayaƙi, daga kowane bututu, har da na gida. Ba sai an tabbatar cewa hayaƙin wane ne ya cutar da wane ba. Ya isa a ce wannan wuri ba zai iya ɗauka ba. Kuma da yake an gane cewa matar da ke hura murhu ba mai laifi ba ce, sai aka raba kuɗin sauya murhun: gwamnatin tsakiya ta biya kashi 40, ƙaramar hukuma 30, mai gida 30. A ganina wannan rabo ya kai haramcin kansa muhimmanci. Idan cutar ta kowa ce, kuɗin maganinta ma na kowa ne.

Ba zan ba dokar abin da ba nata ba. Hayaƙi ya riga ya fara raguwa, kuma gas da lantarki sun yi araha, an daina amfani da jiragen ƙasa masu kwal kafin ƙarshen 1968, masana'antu da yawa sun bar birni. A Disamban 1962 wani hazon ya sake kashe mutum kusan 750. Mafi muni, dokar ta kama hayaƙin da ido ke gani, ta bar iskar farar wuta. Maganin da aka yi wa wannan shi ne dogayen bututu, wanda dokar 1968 ta ƙarfafa: a harba iskar can sama ta tafi. Ta kuwa tafi, ta sauka cikin ruwan sama a tafkunan Norwe da Suwidin, kifaye suka yi ta mutuwa. Shawarar Evelyn ce aka ɗauko bayan shekara ɗari uku, sai dai unguwar wasun ta zama ƙasar wasu. Sai a 1979 ƙasashen Turai suka rattaba hannu a Janeba kan yarjejeniyar gurɓatar iska mai tsallake iyaka.

Kwal na ja da baya, mota na shigowa, tsohuwar matsalar ta dawo da sabuwar fuska. Kowace mota ta ci jarrabawar hayaƙi, amma titin da dubbansu ke bi kullum ya wuce ƙima. Daga 2001 tsarin haraji ma ya ƙarfafa wa mutane gwiwar sayen motocin dizal don rage iskar da ke ɗumama duniya, su kuma suna fitar da wata iskar da ke cin huhu: an gudu ba a tsira ba. A watan Fabrairun 2013 wata yarinya 'yar shekara tara ta rasu a Lewisham, kudu maso gabashin Landan, bayan an kai ta asibiti kusan sau talatin cikin shekara uku saboda asma. Gidansu yana 'yan taku kaɗan daga babban titin South Circular. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana fafutuka har aka sake buɗe bincike, a Disamban 2020 kuma jami'in binciken musabbabin mutuwa, Philip Barlow, ya yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abubuwan da suka kashe ta. Wannan ne karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Bai ambaci lambar mota ko ɗaya ba, ya ambaci iskar unguwa da ta daɗe sama da iyakar da doka ta sa.

Amsar Landan ta sake zama taswira. A 2019 aka shata yanki a tsakiyar birni inda tsohuwar mota mai yawan hayaƙi za ta biya fam 12.50 a rana, aka faɗaɗa shi a 2021, sannan a watan Agustan 2023 ya mamaye dukan gundumomin birnin. An yi rigima sosai, har ana lalata kyamarori, kuma ba na ganin duk masu ƙorafin marasa hujja ne. Mai tsohuwar mota galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma sau da yawa shi ne mazaunin bakin titin da ake son tsabtacewa. An ware kuɗin taimaka wa mutane su rabu da tsofaffin motocinsu, amma gardamar 1956 ce ta dawo: wa zai biya kuɗin sauya murhu? A Amurka, jihar New Jersey ta ɗauki tunanin zuwa ƙarshensa a 2020, da dokar da ta ce a hana sabuwar masana'anta izini idan unguwar talakawan da za ta zauna ta riga ta fi sauran ɗaukar ƙazanta, ko da ita masana'antar ta cika ƙa'ida. Wannan kishiyar hukuncin Bermondsey ce kai tsaye, bayan shekara 141.

Duk lokacin da na karanta sunan Bermondsey, Kano nake tunawa, don mu ma muna da unguwannin majema: Bompai da Sharaɗa da Challawa, da ruwan da ke gangarawa daga Bompai zuwa Getsi da Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa. Dokokin muhalli na Nijeriya su ma bayan masifa aka haife su. Sharar gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 ita ta jawo kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara, dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta biyo a 1992, hukumar NESREA kuma a 2007. Dokar 1992 tana neman rahoto daga babban aiki kafin a fara shi. Ba ta neman komai daga janaretan da ke ƙofar kowane shago, ko adaidaita sahun da ya cika titi bayan hana acaɓa a 2013, ko tirelar da ke jiran lodi injinta a kunne, ko bolar da aka cinna wa wuta, ko murhun itacen mai ƙosai. Na taɓa kwana a wani gida kusa da Sharaɗa cikin watan Disamba. Da asuba, hunturu ya kwantar da iska, na fito zan tafi masallaci sai na ga hayaƙin duka ya taru ya tsaya daidai tsayin katanga, fitilun adaidaita suna ratsa shi a hankali, yaran makarantar allo kuma suna zaune a cikinsa, kewaye da tasu wutar, suna karatu.